Tabon Da Ke Yawo A Allon Tela

Jama'a, ku matso kusa, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Tun jiya bakina ya ƙi rufuwa, har Umma ta leƙo kicin ta same ni ina wanke kofi ɗaya ina ta murmushi ni kaɗai, ta ce, "Auta, ko dai a nemo miki taimako ne?" Masu damuna da saƙo kuna cewa ina labarin Tela, to ga shi. Amma sai na fara bi da ku ta shagon Baba, don a can komai ya ƙullu.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu, kuma Babanmu mai gyaran rediyo da talabijin ne tun kafin a haife ni. Yayyena duk sun kama gabansu, ba wanda ya ɗauki sukundireba ko da wasa, sai ni. Shagon ɗaki ɗaya ne, kanta tun daga ƙasa har rufi, cike da tsofaffin talabijin masu ƙeya da allunan kwamfuta irin na da, waɗanda in ka ɗauki ɗaya sai ka ji a ƙugunka. Gwangwanayen madara a jere, kowanne da irin notin da ke ciki. Ga fanka mai kukan tsufa, ga warin dalma da ya kama labule. A gaban teburin aiki akwai wani madubi mai tsagaggen gefe, wanda Baba ke jinginawa ya fuskanci allo, don in yana aiki ta baya ya riƙa ganin abin da fuskar ke yi ba sai ya zagayo ba. Ni dai a duniya ba inda nake jin daɗin zama kamar kan ɗan bencin da ke gefen madubin nan.

Goggo, ƙanwar Baba, ita ce ba ta ƙaunar ganina a wurin. Duk ranar da ta zo sai ta kama hannuna ta juya shi kamar mai zaɓen tumatir.

"Yaya, dubi yatsun yarinyar nan don Allah. Duk tabon ƙuna. Wane namiji ne zai ɗauki mace tana warin waya?"

"Wanda rediyonsa ta lalace," in ji Baba, ko ɗagowa ba ya yi.

Abu biyu Goggo ta sa a gaba. Na farko, in saurari ɗan aminiyarta mai shagon tayil, wanda in ya zo gaisuwa turarensa ke riga shi sallama. Na biyu, Baba ya huta haka nan, ya bar wa ɗan ita Goggon shagon ya zuba caja da rigunan waya. Kullum maganarta, "Yaya, idonka ya fara rauni, kayan nan kuma an daina yayinsu." Baba sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Ranar da abu ya fi ƙarfina, da hannuna zan zare ƙarfen dalma daga wuta, ba sai kin gaya min ba." Mu duka dariya muke yi, don ba mu taɓa ganin abin da ya fi ƙarfinsa ba.

To, ana nan wata safiya sai ga wani dogon saurayi ya shigo rungume da allon kwamfuta mai ƙeya, yana haki, igiyar tana jan ƙasa a bayansa. Riga ce a jikinsa ruwan toka, ɗinkin ya zauna ɗas, aikin wuyan siriri kamar an zana da biro. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa, ya manta bai cire ba. Ni kuma ranar, kamar an yi min baki, tsohuwar doguwar rigar aiki ce a jikina, mai ƙonannen aljihu.

"Baba, a taimaka min," ya ce bayan ya gaishe shi. "Da wannan nake duba zanen da keken aiki zai ɗinka. Yanzu in na zaɓi jan zare sai in ga shuɗi."

"Me ya hana ka sayen sabo, mai falan-falan?" na ce, don bakina ba ya shiru.

Ya juyo ya kalle ni, sai ya ɗan daburce. "Na maigidana ne da ya koya min ɗinki. Da zai tashi ya bar min. Na saba da shi, Malama."

Baba ya ji daɗin amsar, na gani a fuskarsa. Ya jona allon, muka ji ya yi "dum", hoto ya taso a hankali. A kusurwar sama ta dama ga wani tabo nan, shuɗi-shuɗi ja-ja, kamar an zuba ruwa a kan fenti.

Baba yana da wata ɗabi'a, ba ya taɓa buɗe abu sai ya yi min tambaya tukuna.

"Auta, in layi ɗaya kika gani kwance a tsakiya, sauran duk baƙi?"

"In rage haske maza kar ya ƙona fuskar kwalbar hoto, sannan in duba ɓangaren da ke buɗe hoto sama da ƙasa."

"In launi ɗaya ya ɓace gaba ɗaya?"

"Haƙorin igiya ya lanƙwashe, ko dalmar wuyan kwalba ta tsage. In ƙwanƙwasa a hankali in gani ko zai dawo."

"In rubutu ya yi dishi-dishi?"

"In murɗa ɗan makunnin da ke baya, hannu ɗaya a aljihu, don wutar da ke ciki ba ta san wasa ba."

"To wannan fa?"

"Wannan maganaɗisu ne ya kama ragar ƙarfen da ke bayan gilashi."

Tela ya saki baki yana kallona, ni kuma na basar kamar ban gani ba, alhali ta madubi nake kallonsa. Baba ya ɗauko zobensa, wani naɗin waya ne da ya yi da hannunsa ya lulluɓe da baƙin salatif, faɗinsa kamar murfin bokiti. Ya jona, ya riƙa zagaya shi a gaban allon, launuka suna rawa suna juyawa, yana ja da baya sannu-sannu har ya kai bakin ƙofa, sannan ya kashe. Tabo ya tafi, fuska ta yi tas.

"Akwai lasifika kusa da shi?" Baba ya tambaya.

"Babu, Baba."

"To ka lura da abin da kake ajiyewa a kansa."

Na ɗauka shi ke nan. Ashe an fara.

Ba a daɗe ba sai ga shi ya dawo da allon a kafaɗa, wannan karon cikin farar riga mai maɓallan azurfa, an goge ta har tana ɗaukar ido. Wai mutumin da ya ɗauko kaya mai ƙura! Tabo ya dawo, amma ya sauka ƙasa ta hagu. Baba ya ƙura masa ido. Ya ce wataƙila ɗan abin da ke wanke maganaɗisu in an kunna ne ya fara gajiya, wanda ke sa a ji "dum" ɗin nan. Ya kwance ƙeyar, ya sauke wutar kwalba da sukundireba mai waya, ta yi "tas", sannan ya cire ɗan baƙin abin ya sa wani.

Ni kuwa raina bai kwanta ba. Na ji "dum" ɗin da kunnena, lafiyarsa ƙalau. Kuma ciwon da ke cikin allo ba ya tashi daga wannan kusurwa ya koma waccan kamar mai neman inuwa. Ina cikin wannan tunani Tela ya sunkuyo zai karɓi ruwan da na miƙa masa, idona ya sauka kan aljihun gaban rigarsa. Jama'a, fil ne guda biyu manne a jikin aljihun ta waje. Ba a soke suke ba, a kwance suke kawai, sun ƙi faɗuwa.

Kun san teloli da ɗan mayen ƙarfe, wato maganaɗisun da suke tsince fil da allura da shi in sun zube. To shi ne a aljihun bawan Allah.

Na ɗago na kalle shi, ya bi idona ya ga abin da na gani. Wallahi ruwan nan sai da ya sarƙe shi. Ya dafe aljihun yana tari, ni kuma na juya baya na cusa mayafi a baki. Baba yana can bayan allo da ƙarfen dalma, bai san wainar da ake toyawa ba.

Da zai tafi ya ce wa Baba, ko za a ba shi lambar shago saboda gaba. Baba ya ce, "Ni ba na jin ƙarar waya, karɓi ta Auta." Kafin in gama share teburi saƙo ya shigo.

"Injiniya, don Allah a rufa min asiri."

"Wane asiri? Ni fil kawai na gani."

"Na farkon wallahi kuskure ne, a kan allon nake ajiye shi ban sani ba. Sai da Baba ya yi magana na gane."

"Na biyun fa?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga shi: "Na biyun na rasa dalilin da zai kawo ni ne."

Ni 'yasu! Na karanta saƙon nan har na haddace shi. Na sa masa suna a wayata "Mai Tabo". Daga nan hira ta ɓarke. Ya turo min hoton zanen da yake yi, in turo masa hoton cikin rediyo in ce ya nemo abin da ya ƙone, ya nuna batir. Bai taɓa ce min yatsuna sun yi kaushi ba, cewa ya yi nasa ma duk sukan allura ne, sai mu haɗa mu buɗe asibiti. Na dai gaya masa cikin wasa, "Kar ka sake wahalar min da tsoho." Ya turo hoton hannu a ƙirji. Kuskurena ɗaya, da dariya na faɗa, shi kuma ya ɗauka dariyar ce saƙon.

Sai wayata ta faɗa bokitin wanki. Na zare batir na shanya ta, kwana biyu ba ni a layi. A daidai lokacin kuma Goggo ta zo ta tasa ni gaba wai in raka ta duba aminiyarta da ba ta jin daɗi. Ta sa na saka leshi mai ruwan zuma da takalmi mai tsini, ta fesa min turarenta har ina atishawa. Muka je muka tarar da maras lafiya zaune daram tana kallon talabijin, ɗanta mai tayil a gefe yana kaɗa mukullin mota. Na gaishe su, na sha lemo, na ƙirga fulawoyin labule har muka tashi.

Shi kuwa Tela, ya yi ta turo saƙo shiru, ya kira a kashe. Wani ya ce masa an gan ni na ci kwalliya an fita da ni a mota. Sai hankalinsa ya tashi, ya rasa ta inda zai ɓullo, ya koma ga abin da ya sani. Ya goga mayen ƙarfe a tsakiyar allo ya sungumo shi sai shago. Bai same ni ba, ya sami Baba.

Da na dawo da yamma na leƙa shago, na tarar da allon a buɗe, Baba ya baje kayan cikinsa a teburi, mitar awon wuta a hannu.

"Ya dawo, Auta," ya ce. "Yanzu a tsakiya."

Na buɗe baki zan yi magana, Goggo tana tsaye a bayana tana gyara ɗaurin ɗankwali. In na faɗa a gabanta, kafin gari ya waye dangi kaf sun ji cewa Auta ta mayar da shagon ubanta wurin zance, kuma da wa, da tela mai yaudarar tsoho. Na haɗiye maganata. Na ce a raina gobe in ba kowa zan gaya masa.

Gobe ta yi, Baba ya riga ni fita. Na same shi ya auna naɗin wayar da ke kewaye da kwalba, lafiya. Ya auna sabon abin da ya sa, lafiya. Ya bi dalma ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, ya sake narka waɗanda ba su da laifin komai. Bai wanke tabon ba, ya ce sai ya gano mai kawo shi. Shayin da Umma ta aiko ya huce a gefe har ya yi fata. Na yi ta juya maganar a bakina, duk lokacin da na ce "Baba", in ya ɗago sai kunya ta hana ni, in ce ko in miƙo masa wani abu.

Can ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Auta, zo nan. Tsakani da Allah, wannan wurin shuɗi kike gani ko ja?"

"Shuɗi ne da ɗan ja, Baba."

"Ni kore-kore nake gani." Ya yi ɗan murmushin da ban so ba. "Akwai abin da ke gabana a cikin allon nan, ina kallonsa ba na ganinsa. Yaron nan ya yarda da ni, sau nawa yana ɗauko kaya mai nauyi yana dawowa. Goggonki ta yi gaskiya."

Ina kallo ya miƙa hannu ya zare ƙarfen dalma daga bango. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin an zare ƙarfen nan da rana tsaka ba. Ya naɗe igiyar a hankali ya sa a aljihun teburi, sannan ya ce in kira masa Goggo, ta zo gobe su yi maganar shago.

Wallahi na tsani kaina a lokacin, na tsani Tela, na tsani fil da duk wanda ya ƙera shi. Baba bai taɓa zargin mai kawo gyara ba a rayuwarsa. In abu ya dawo, kansa yake tuhuma. Shi ya sa abin da ni na gano da kallo ɗaya, shi ko a mafarki ba zai kawo shi ba.

Na koma gida na haɗa wayata, Allah Ya taimake ni ta kama. Saƙonnin Mai Tabo suka riƙa shigowa kamar ruwan sama. Ban karanta ko ɗaya ba, na rubuta:

"Baba zai rufe shago saboda kai. Ya ɗauka idonsa ne ya mutu."

Nan take ya kira, na kashe. Ya rubuto: "Innalillahi. Wallahi ban yi zaton haka ba. Me zan yi?"

"Ni zan gaya masa da kaina in gari ya waye. Kai kuma ka nemi wani mai gyaran."

"A'a. Ni na ɓata, ni zan faɗa. Ki bar min."

"Goggo za ta zo."

"Ko dangi duka za su zo."

Na kifa wayar a kan katifa. Haushinsa nake ji, amma kar in ɓoye muku, wannan amsar ta ɗan sanyaya min rai.

Da safe na saka doguwar rigar aikina, mai ƙonannen aljihun nan, da gangan. Goggo ta riga mu isa, har da tef ɗin awo da ta aro, tana auna bango tana cewa nan za a sa gilashi, can za a rataye caja. Baba na zaune a kujerarsa hannu a cinya, kamar baƙo a shagonsa. Ya mayar wa allon ƙeyarsa ya kunna shi, tabon na nan a tsakiya, ya ce in mai shi ya zo a ba shi haƙuri ya kai wani wuri.

Sai ga sallama. Tela ne, ba guga ba kwalliya, idanu sun yi ja. Ya durƙusa har ƙasa.

"Samari, tashi," in ji Baba. "Ni ne da ban haƙuri. Abin nan ya gagare ni."

"Baba, bai gagare ka ba. Ni ne... wato... dama..."

Magana ta maƙale. Goggo ta saki tef ta juyo tana ƙare masa kallo sama da ƙasa. Da ya ga baki ya ƙi, sai ya sa hannu a aljihu ya ciro mayen ƙarfen, ɗan kewayayye baƙi, da fil biyu manne a jiki. Ya miƙe ya matsa da shi kusa da gefen allon. Launuka suka taso suka bi hannunsa. Ya yi sama, suka bi shi. Ya yi ƙasa, suka bi shi.

Duk muka zuba wa allon ido.

Baba ya gyara tabarau. "Sake yi."

Ya sake.

"Ja baya. Matso. Kai hagu." Baba ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. "Auta, nan wurin kore ne ko?"

Na duba da kyau. "Kore ne, Baba. Jiya ma akwai kore a gefen, ni ce ban lura ba, hankalina ba ya jikina."

Sai Baba ya jingina da kujera ya fara dariya, irin wadda ba sauti sai kafaɗa ke rawa, har hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau. "Ashe idona ƙalau," yake ta faɗa. "Ashe ƙalau nake." Ni ma sai na ji nawa hawayen, na juya ina share su da mayafi.

Goggo ce ta fara dawowa hayyacinta. "Yau na ga ikon Allah! Kai yanzu da hankalinka kake ɓata kayanka kana kawowa? Don me?"

Tela ya sunkuyar da kai. Amma idonsa ya zame ya faɗo inda nake, kuma ta madubin nan mai tsagaggen gefe Baba ya gani. Dariyar ta tsaya. Ya dubi madubi, ya dube ni.

"Kin sani?"

"Tun zuwansa na biyu, Baba. Na yi niyyar faɗa, kunya ta hana ni. Ka yafe min."

"Kunya," ya maimaita. "Kina kallo ina narka dalmar da ba ta yi min laifi ba." Ya juya ga Tela, murya ba wasa. "Kai kuma, ɗinki aka koya maka ko wahalar da tsofaffi? Ka san abincin kirki ban ci ba tun shekaranjiya? Da ka goga abin nan da ƙarfi ka lanƙwasa ragar ciki, da allon maigidanka ya tafi har abada, ba ni ba, ba wanda zai gyara shi."

"Na tuba, Baba. Duk hukuncin da ka yanke daidai ne."

"Ka ji, Yaya?" in ji Goggo. "Irin waɗanda zaman shago ke jawo mata ke nan. Shi ya sa nake cewa..."

"Naɗe tef ɗinki," Baba ya katse ta a hankali. "Bangon nan yana da mai shi."

Ya miƙa hannu, Tela ya ɗora masa mayen ƙarfen. Baba ya juya shi, ya tashi ya taka har bakin ƙofa, nesa da allunan, ya manna shi a can saman ƙyauren ƙarfe, ya kama ƙam.

"Wannan ya zama nawa. Fil kuwa ka tsince da hannu, ka ji yadda wahala take. Ƙafarka kuma kar in sake ganinta a shagon nan da sunan gyara. Mai magana da ni ya san ba a shago ake yin ta ba, kuma ba yaro ake turowa ba."

Tela ya ɗago da sauri. Ni na rasa inda zan sa fuskata. Goggo ta ja jakarta tana faɗin ita dai ba ruwanta, ta fita ko sallama babu.

Baba ya dawo ya zauna, ya jawo aljihun teburi ya ciro ƙarfen dalma, ya warware igiyar ya miƙo min.

"Jona min. Sannan ki ɗau zobe ki wanke masa allonsa, tunda ke kika gano ciwon."

Na riƙe zoben nan, ina zagayawa ina ja da baya, launuka na juyawa, har na kai bakin ƙofa inda Tela ke tsaye ya matsa min hanya. Na kashe. Fuska ta yi tas. Ya sungumi allonsa ya fita yana tuntuɓe da igiya, Baba na ce masa ya bi a hankali kar ya fasa mana aiki.

Yinin ranar Baba rediyo uku ya tayar, har da wata da ta shekara a kanta ba mai nema. Ya shanye shayinsa da zafinsa ya ce a ƙaro burodi. Bai sake ce min komai a kan maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Jiya da hantsi ina tsaye ina riƙe masa fitila yana aiki a bayan wata talabijin, wayata ta yi ƙara a aljihu. Na saci kallo. Mai Tabo ne.

"Yatsuna sun sha huda, fil ya ƙi tsintuwa. Kawuna ya ce in tambaya, wace rana Baba yake samun zama a gida?"

Na karanta, na sake karantawa, fitila ta karkace.

"Haska min nan, ba rufi ba," in ji Baba. "Me aka ce?"

Na karanta masa rabin ƙarshe da muryar da ni kaina da kyar na ji. Bai ɗago ba, hayaƙin dalma na tashi a gabansa. Amma ya manta da madubi. Ina ganin fuskarsa a ciki, gashin bakinsa na motsi yana danne murmushi.

"Gaya masa ni kullum ina shago, ba ni da ranar zama," ya ce. Ya ɗan hura dalmar, ya duba ta da kyau. "Amma shagon nan da aka so in rufe, zan rufe shi na yini ɗaya. Kawun nasa ya zaɓi ranar."

Na rubuta masa haka, harafi ba ragi. Har yanzu alamar rubutu nake gani, yana yi yana gogewa, mayen ƙarfensa kuma yana can saman ƙyaure da fil ɗinsa biyu.